DARASI DAGA TSUNTSUN ABU UMAIRU: Yadda A Ke Lallashin Yaro In Dabbarsa Ta Mutu

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci rai Ya kuma yanka masa ajali. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wani al'amari wanda manya su ke gani ƙarami ne, amma ga yaro babba ne ƙwarai. A cikin birnin Katsina, tun daga Ƙofar Marusa har Ƙofar Guga, daga Rafindadi zuwa Gafai, da wuya a ratsa unguwa ba a sami gidan da yara ke kiwon tattabaru, ko zomaye, ko ɓeran Masar ba. Yaro kan tara 'yan kuɗinsa na barka da salla ya sayo ɗan ɓeran Masar, ya yi masa akurki a zaure ko a bayan ɗaki, ya riƙa tsinto masa ganyen latas da ɓawon karas a wurin masu kayan miya. Yana tashi da asuba wurinsa zai fara zuwa, yana dawowa daga makarantar allo wurinsa zai nufa. Kwatsam wata safiya sai ya tarar da shi kwance ya sandare, alhali jiya da magariba lafiya lau ya bar shi yana cin ciyawa.

A nan ne a kan ga iyaye sun kasu. Wani uban ya yi dariya ya ce, a kan ɓera za ka ishe mu da kuka? Wata uwar ta yi tsawa ta ce, dama kai ne ba ka kula da shi. Wani kuwa don tausayi sai ya yi wa yaron ƙarya, ya ce gudu ya yi, zai dawo. Duk waɗannan hanyoyi uku sun kauce wa koyarwar Musulunci, domin irin wannan abu ya taɓa faruwa a Madina a gaban Manzon Allah (S.A.W.), kuma malaman hadisi sun adana yadda ya yi.

LABARIN ABU UMAIRU

Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, wanda ya yi wa Annabi hidima shekara 10, yana da wani ƙane da su ke uwa ɗaya, ana yi masa alkunya da Abu Umairu. Mahaifiyarsu ita ce Ummu Sulaim, mahaifin yaron kuwa Abu Ɗalha ne mutumin Madina. Yaron bai daɗe da yaye ba. Yana da wani ɗan tsuntsu da ya ke wasa da shi, wanda Larabawa ke kira nugair, watau wani ɗan ƙaramin tsuntsu mai kama da gwara, mai jan baki. Annabi (S.A.W.) ya kan ziyarci gidan nan. Wata rana da ya shiga sai ya ga yaron cikin baƙin ciki. Bai wuce ba, sai ya tambayi mutanen gida abin da ya same shi, suka gaya masa tsuntsunsa ne ya mutu. Sai ya juya ga yaron, ya kira shi da alkunyarsa kamar yadda a ke kiran manya, ya tambaye shi labarin ɗan tsuntsun cikin raha da taushin murya.

Imamul Buhari da Imamu Muslim duk sun kawo asalin wannan hadisi, ruwayar Abu Dawuda kuwa ta bayyana cewa tsuntsun mutuwa ya yi, kuma yaron yana baƙin ciki a kansa. Wani malamin Shafi'iyya, Abul Abbas Ibnul Ƙassi Aɗɗabari, wanda ya rasu a shekara ta 335 bayan Hijira, ya fitar da fa'idodi 60 daga wannan gajeren hadisi shi kaɗai. Daga baya Alhafiz Ibnu Hajar, wanda ya rasu a shekara ta 852, ya taƙaita su a cikin Fathul Bari, ya kuma ƙara wasu. Daga cikin abin da malamai suka fahimta akwai halaccin yaro ya riƙe tsuntsu ko wata 'yar dabba, matuƙar ba zai azabtar da ita ba, da halaccin kashe kuɗi a kan abin da zai faranta wa yaro rai, da halaccin yi wa yaro alkunya, da kyawun raha da ƙananan yara.

Sai mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Wannan fa shi ne shugaban al'umma, wanda wahayi ke sauka gare shi, wanda al'amuran yaƙi da sulhu da shari'a ke wuyansa. Duk da haka fuskar yaro ɗan yaye ba ta ɓoyu gare shi ba, kuma mutuwar tsuntsu ba ta yi masa ƙanƙanta da a tambaya ba. To, wane uba ne ya fi shi yawan aiki, har da zai ce ba shi da lokacin sauraron kukan ɗansa?

BAƘIN CIKI BA LAIFI BA NE

Wasu suna zaton duk wanda ya zubar da hawaye ya rasa haƙuri. Wannan kuskure ne. Sa'ad da Ibrahim ɗan Manzon Allah (S.A.W.) ya ke cikin magagin mutuwa a shekara ta 10 bayan Hijira, idanun Annabi sun zubar da hawaye, har Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki. Annabi ya bayyana masa cewa wannan rahama ce, kuma ido ya kan yi hawaye, zuciya ta kan yi baƙin ciki, abin kiyayewa shi ne harshe, kada ya furta abin da zai fusata Ubangiji. Abin da shari'a ta hana shi ne kururuwa, da marin fuska, da yage tufafi, da maganar da ke nuna rashin yarda da hukuncin Allah.

Babu mai cewa mutuwar dabba daidai ta ke da mutuwar ɗan Adam. Amma zuciyar da ke tausayin dabba ita ce dai zuciyar da ke tausayin mutum. Alƙur'ani mai girma, a Suratul An'am aya ta 38, ya sanar da cewa dabbobin da ke tafiya a ƙasa da tsuntsayen da ke tashi al'ummu ne kamar yadda mutane su ke al'ummu. Hadisi ingantacce ya ba da labarin mutumin da Allah Ya gafarta wa domin ya shayar da kare mai jin ƙishirwa, kuma Annabi ya tabbatar wa sahabbai cewa akwai lada a cikin kyautata wa duk abin da ke da rai. Shi kansa Abu Huraira, wanda ya fi kowa yawan ruwayar hadisi, ya sami wannan alkunya ne saboda wata 'yar kyanwa da ya ke ɗauke da ita. Saboda haka yaron da ke kuka a kan ɗan ɓeran Masar ɗinsa, tsiron rahama ne ya ɓullo a zuciyarsa. Wanda ya yi masa dariya ya taka wannan tsiro. Yaron da aka koya wa cewa tausayi abin kunya ne, shi ne gobe zai ɗora wa jaki kayan da ya fi ƙarfinsa, jibi kuma ya wuce maraya bai waiwaya ba.

MAKARANTAR FARKO TA HAƘURI

Ga yara da yawa, wannan ita ce mutuwa ta farko da za su gani da idonsu a kan abin da su ke ƙauna. Allah cikin hikimarSa Ya kawo musu darasin a kan ƙaramin abu, kafin ranar da zai zo a kan kaka, ko uwa, ko uba. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Uban da ya gane wannan ba zai bar damar ta wuce ba.

Abu na farko shi ne ya zauna kusa da yaron, ya dafa kansa, ya bar shi ya faɗi abin da ke ransa, kamar yadda Annabi ya buɗe wa Abu Umairu ƙofar magana da tambaya. Sa'an nan ya koya masa istirja'i, watau kalmar da Musulmi ke faɗa sa'ad da musiba ta same shi, mai nuna cewa kowa da kome na Allah ne, kuma gare Shi a ke komawa. Suratul Baƙara daga aya ta 155 zuwa ta 157 ta ambaci jarrabawa da tauyewar dukiya da rayuka da amfanin gona, ta kuma yi wa masu haƙuri bushara. Malaman tafsiri sun ce musiba ita ce duk abin da ya cuci mumini, babba ne ko ƙarami. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya nuna cewa ko ƙaya ce ta soki Musulmi, Allah Yana kankare masa zunubi da ita. In ƙaya tana da lissafi a wurin Allah, ina ga ƙunar zuciya?

Ya kamata kuma a sanar da yaro cewa haƙuri mai lada shi ne na farkon bugu. Wannan shi ne abin da Annabi ya koya wa wata mata da ya tarar tana kuka a bakin kabari. Kowa ya kan haƙura bayan kwana bakwai, ko yana so ko ba ya so. Mumini shi ne mai kama harshensa tun a sa'ar farko.

Uba zai iya ce wa ɗansa: "Ɗana, wa ya ba ka shi?" Yaro ya ce: "Allah ne, Baba." Uban ya ce: "To, aro ne Ya ba ka, ka kuwa riƙe shi da kyau, yanzu Mai abu Ya karɓi abinSa." Wannan misali na aro daga gidan Abu Umairu ya fito. Shi yaron bai yi tsawon rai ba. Malamai, cikinsu har da Ibnu Hajar, sun ce shi ne ɗan da ya rasu sa'ad da Abu Ɗalha ba ya gida. Ummu Sulaim ta haɗiye baƙin cikinta, ta tarbi mijinta, ta ba shi abinci, sai daga baya ta tambaye shi ko mutanen da aka ba aron kaya suna da ikon hanawa in masu shi suka nema. Da ya ce ba su da iko, sai ta sanar da shi rasuwar ɗansa. Annabi ya yi musu addu'ar albarka, Allah Ya ba su Abdullahi, wanda aka ruwaito an ga 'ya'yansa tara duk mahaddata Alƙur'ani. Gidan da aka girmama kukan yaro a kan tsuntsu, shi ne gidan da aka ga wannan haƙuri a kan ɗa.

KADA A YI WA YARO ƘARYA

Cewa dabbar ta gudu, ko barci ta ke yi, ƙarya ce, ko da an yi ta da kyakkyawar niyya. Abu Dawuda ya ruwaito cewa mahaifiyar Abdullahi ɗan Amir ta kira shi yana ƙarami ta ce za ta ba shi wani abu, sai Annabi ya tambaye ta abin da za ta ba shi, ta ce dabino. Ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi kome ba, da an rubuta mata ƙarya. Bayan zunubi kuma akwai ɓarna: yaron da aka ce wa dabbarsa ta gudu zai yi ta leƙen lungu yana jira, wanda aka ce wa barci ta ke yi kuwa yana iya jin tsoron kwanciya. Ranar da ya gano gaskiya, amincewarsa da maganar iyayensa ta ragu.

Yara kan yi tambaya: shin yana Aljanna? A nan ma sai a faɗi abin da aka sani, kada a ƙara. Dabbobi ba a ɗora musu salla ko azumi ba, saboda haka babu azabar wuta a kansu. Muslim ya ruwaito cewa ranar alƙiyama za a mayar wa kowane mai haƙƙi haƙƙinsa, har a rama wa tunkiya marar ƙaho abin da mai ƙaho ta yi mata. Malaman tafsiri, a ƙarshen Suratun Naba'i, sun kawo cewa bayan wannan sakayya dabbobi za su koma turɓaya. Alƙur'ani kuma ya yi alkawari, a Suratuz Zukhruf aya ta 71, cewa 'yan Aljanna suna da duk abin da rayukansu ke marmari. Saboda haka ya isa a ce wa yaro: ba ya jin ciwo yanzu, Allah ba Ya zaluntar kowa, kai dai ka yi aikin shiga Aljanna, a can babu abin da za ka roƙa a hana ka.

ƘADDARA DA SAKACI

Imani da ƙaddara bai hana a bincika dalili ba. Tirmizi ya kawo labarin mutumin da Annabi ya umarta ya ɗaure raƙuminsa sa'an nan ya dogara ga Allah. Kuma hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba, gargaɗi ne ga duk mai sa dabba a keji. Wanda ya tsare rai, cinsa da shansa da inuwarsa sun hau wuyansa. Da ya ke yaro bai kai munzalin a ɗora masa hukunci ba, nauyin yana kan uban da ya yarda aka kawo dabbar gida.

Yana da amfani iyaye su san halin wannan dabba. Ko da ya ke sunansa ɓeran Masar, asalinsa daga duwatsun Andis ne na Amurka ta Kudu, wajen ƙasashen Peru da Bolibiya, inda iska ke da sanyi. In ya sami kulawa ya kan yi shekara 5 zuwa 7. Ba ya jure zafi: da zarar ma'aunin zafi ya haura digiri 30 ya shiga haɗari, alhali a Katsina cikin bazara, a watannin Afrilu da Mayu, zafi ya kan kai digiri 40 har ya wuce. Akurkin kwano da aka bari a rana yana iya kashe shi tsakanin hantsi da azahar. Iskar hunturu mai ƙura kuma ta kan jawo masa ciwon huhu. Har wa yau jikinsa ba ya iya haɗa bitamin C da kansa, kamar dai ɗan Adam, saboda haka dusa da tsaki kaɗai ba su isa ba, lalle ne ya sami ɗanyen ganye kullum tare da ciyawa da ruwa mai tsabta. Cikinsa ba ya son zama babu abinci, in ya yini bai ci ba to ciwo ya yi nisa. Wani abin lura shi ne maganin fenisilin da danginsa, irin kafson da mutane kan fasa su zuba wa kaji a ruwa, yana lalata masa hanji har ya kashe shi. Kada a ba shi magani sai da shawarar likitan dabbobi.

Abin da ya sa mutuwarsa ta kan zo kamar ba zato shi ne, Allah Ya halicce shi cikin dabbobin da a ke farauta, masu ɓoye ciwonsu don kada maƙiyi ya gane rauninsu. Sau da yawa ba a ganin alama sai abu ya ƙure, balle ga ɗan ƙarami wanda jikinsa bai yi ƙwari ba. Wannan bayani ya kan sauke wa yaro nauyi mai yawa, domin abin da ya fi cin ransa shi ne tunanin cewa shi ne ya kashe shi. Muslim ya ruwaito cewa Annabi ya hana mutum ya riƙa cewa da na yi kaza da kaza bai faru ba, domin wannan kalma tana buɗe wa Shaiɗan ƙofa. In babu sakaci, sai a gaya wa yaro a fili cewa ba laifinsa ba ne. In kuwa akwai, kamar an manta ba a ba shi ruwa ba, to, ba ranar mutuwar a ke faɗa ba. A bari zuciya ta huce, sa'an nan a nuna masa cikin hikima, a yi istigfari tare, a gyara don gaba.

Haka kuma a guji camfi. Ba a cewa wance ce ta yi masa baki, ko maƙwabci ne ya sa masa ido, ba tare da hujja ba, domin Suratul Hujurat ta yi hani ga yawan zato. Ranar da Ibrahim ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda mutuwarsa ne, Annabi ya tashi ya gyara musu, ya bayyana cewa rana da wata ba su yin husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Wanda bai yarda a jingina camfi ga mutuwar ɗansa ba, ba zai yarda a jingina shi ga mutuwar dabba ba.

YADDA ZA A YI DA GAWAR

A mazhabar Imamu Malik, wadda ita ce malaman Katsina suka gada tun zamanin su Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina, duk abin da ke da rai mai tsarki ne muddin yana raye. Amma dabba mai jini mai gudana in ta mutu ba da yanka ba ta zama mushe, mushe kuwa najasa ne. Ba a yi mata wanka, ba a yi mata likkafani, ba a yi mata salla, ba a kai ta maƙabartar Musulmi, domin waɗannan haƙƙoƙi ne na ɗan Adam. Amma jefa ta a kwata ko a bakin hanya cutar da jama'a ne, kawar da abin cutarwa daga hanya kuwa yana cikin rassan imani. Abin da ya fi shi ne a haƙa rami mai ɗan zurfi, nesa da rijiya, a binne ta yadda kare ko kyanwa ba za su tono ba, a wanke hannu da sabulu, a share akurkin a shanya shi, in akwai sauran 'yan'uwansa a raba su da wurin a sa musu ido. Babu laifi yaro ya tsaya a yi a gabansa, don ya san an rabu ke nan. Sai dai kada a mai da wurin abin ziyara.

Kada kuma a yi gaggawar sayo masa wani a ranar, kamar wanda takalminsa ya tsinke. Rai ba a musanya shi kamar kaya. A bar shi ya yi kwanakinsa, in shi da kansa ya nema, sai a sayo, bayan an tanadi inuwa da abinci. In kuwa aka ga makonni sun shuɗe yaro ba ya cin abinci sosai, ba ya barci, ya daina wasa da tsaransa, to, sai a ƙara jawo shi jiki, a sanar da malaminsa, in abin ya ci tura a kai shi asibiti.

Wannan shi ne tafarki madaidaici: ba a raina hawayen yaro, ba a kuma barin baƙin ciki ya wuce iyaka. Allah Ya sanya rahama a zukatan manya da yara, Ya ba da haƙurin abin da aka rasa, Ya musanya da mafi alheri, Ya sa 'ya'yan Musulmi su tashi bisa halayen Manzon rahama. Allah ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.